Yadda Mai Cutar MS Zai Sanyaya Jikinsa a Lokacin Zafi

Mai fama da maltiful sikilerosis, cutar da ake taƙaita sunanta a ce MS, yakan san bazara ta shigo tun kafin sauran mutane su fara ƙorafi. Ƙafar da ta yi tafiya lafiya lau da asuba, hantsi na yi sai ta fara jan ƙasa. Ido ɗaya ya koma gani garara-garara, yatsu su kasa ɓalle maɓalli, magana tana baki amma an rasa ta inda za a kamo ta. Tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na masu cutar suna fama da haka, kuma ni ina cikinsu.

Dalilin ba shi da wuyar fahimta. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suna da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jiki ce ke cin wannan rufin. Jijiyar da ta kwaye tana isar da saƙo da ƙyar, to idan zafin jiki ya ƙaru, ko da rabin digiri ne, sai saƙon ya ƙara jinkiri ko ya tsaya cak. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya rubuta wannan a 1890 bayan ya lura ganin wasu majinyatansa na dusashewa idan sun motsa jiki. Kafin a samu na'urar hoton MRI ma, likitoci kan sa mutum a bahon ruwan zafi su ga ko alamunsa za su tashi, a matsayin gwajin cutar.

Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne, zafi ba ya yi wa jijiya sabon rauni. Tsofaffin alamu yake tasowa, kuma da jiki ya huce sai su lafa. Sai dai hana jiki ɗaukar zafi ya fi sauke shi sauƙi nesa ba kusa ba, don haka kusan duk abin da ke ƙasa aiki ne da ake yi kafin a ji zafin. Duk digirin da na ambata na ma'aunin Salshiyos ne.

Kayan da za ka tanada

- Ma'aunin zafi guda biyu: na jiki, da na ɗaki. In ka samu na ɗaki mai nuna danshin iska, shi za ka ɗauka, domin danshin ne zai gaya maka wace dabara za ta yi aiki a ranar.
- Gorar ruwa mai riƙe sanyi, mai faɗin baki yadda ƙanƙara za ta shiga. Idan hannunka na rawa, nemi mai tsinken zuƙa.
- Kwalbar feshi ƙarama, sabuwa, wadda ba a taɓa zuba wani sinadari a ciki ba.
- Ƙananan tawul na auduga kamar huɗu, da tsofaffin safa masu tsabta.
- Ƙunshin ƙanƙara, aƙalla saiti biyu, ɗaya a jiki ɗaya a firiza. In babu na saye, jiƙa soso ka sa a leda mai zif ka daskarar. Ko ka haɗa kofi 3 na ruwa da kofi 1 na sifirit a leda biyu, ɗaya cikin ɗaya. Wannan ba ya yin tauri, yana lanƙwasuwa ya bi siffar wuya. Rubuta a jikinsa cewa ba na sha ba ne, saboda yara.
- Fanka, musamman mai caji, da ƙaramin kula na ɗaukar ƙanƙara.
- Baho ko bokiti mai faɗi da ƙafafu biyu za su shiga, kujerar wanka, da tabarmar roba da ke hana santsi.
- Tufafi sakakku marasa nauyi masu hasken launi, malafa mai faɗi ko lema.
- Falmaran mai sanyaya jiki, ga wanda ya samu hali. Yana da amfani sosai amma ba dole ba ne, za mu zo kansa.

1. San alamar da jikinka ke fara bayarwa

Kowa da tasa. Wani ido ne ke fara dusashewa, wani ƙafa ce ke nauyi, wani fitsari ne ke matsa masa, wani kuwa tunani ne ke toshewa ya karanta layi ɗaya ya sake karantawa bai gane ba. Tawa tafin ƙafar hagu ce, sai ta fara zuga kamar an ɗaure ta da igiya. Ɗauki mako ɗaya kana rubutawa: ƙarfe nawa ne, ɗaki na digiri nawa, me kake yi, me ka ji. Ba a daɗewa za ka ga iyakarka ta fito fili, kuma tana iya zama ƙasa da abin da mutanen gidanka ke kira zafi. Kada ka auna kanka da su.

Kada kuma ka jira zufa ta sanar da kai. MS na iya taɓa jijiyoyin da ke sarrafa gumi, sai jiki ya makara wajen fitar da shi ko ya fitar da kaɗan. Fata a bushe ba shaida ba ce cewa jiki bai ɗau zafi ba.

Mata, ku ƙara da kwanan wata a rubutunku. Bayan fitar ƙwai har zuwa saukar al'ada zafin jiki kan ɗaga da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ranar da aka saba jurewa ta gagara.

2. Ware ɗaki ɗaya ya zama mafaka

Sanyaya gida gaba ɗaya wahala ce da ɓarnar wuta. Zaɓi ɗaki ɗaya, wanda rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a hawa na ƙasa in gidan bene ne, kusa da banɗaki. Can za ka kai kujerarka da fankarka da ruwanka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe taga da tsakar rana wai iska ta shigo. Idan waje ya fi ciki zafi, zafin ne kake shigowa da shi. Ka'idar ita ce: da safe, da zarar waje ya fara fin ciki zafi, rufe tagogi ka saki labule, da dare, idan waje ya huce, buɗe komai, ka kafa fanka a taga ɗaya tana fuskantar waje don ta fitar da iskar da ta dahu, sanyi ya shigo ta ɗayar. Inuwar da aka yi wa taga daga waje, rumfa ko wani mayafi da aka rataya, ta fi labulen ciki aiki, domin shi labule sai zafi ya riga ya ratso gilashi sannan yake tare shi.

In kana da na'urar sanyaya ɗaki, ba sai ka mai da ɗakin firji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a saita ta a digiri 27 a kunna fanka tare da ita, jiki zai ji kamar an rage digiri 4, kuɗin wuta kuma ya ragu sosai. Idan 27 bai ishe ka ba, sauko da ita kaɗan-kaɗan har ka samu inda alamunka suka yi shiru. Ɗakin da ya yi sanyi ƙarara yana sandarar da tsokar wasu masu MS, sannan fitowa daga cikinsa zuwa rana na dukan jiki lokaci guda.

Fanka kuwa ba ta sanyaya iska, gumin fata take busarwa. Wanda guminsa ya yi ƙaranci sai ya taimaka mata: fesa ruwa a fuska, wuya, hannaye da ƙwauri, sannan ka zauna gabanta, ka sake fesawa da ya bushe. Idan ɗaki ya kai digiri 40, hukumar ta ce fanka zafi take hura wa jiki. Ni tun daga 35 ba na zama gabanta da busasshiyar fata.

Idan babu wuta: jiƙa zanin gado ka matse ka rataya a ƙofa ko tagar da iska ke bi. Naɗe gorar ruwa da jiƙaƙƙen tsumma ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ruwan zai yi sanyi daidai gwargwado. Waɗannan dabarun na busasshiyar iska ne. Ranar da danshi ya yi yawa ruwa ba ya bushewa, sai dai ka ƙara wa ɗakin turiri; ranar nan baho da ruwan sanyi za ka koma wa. In gidan ya gagari zama, nemi wurin jama'a mai sanyi ka yi awa 2 zuwa 3 a can a tsakiyar rana.

3. Juya jadawalinka

Duk aikin da ke cin ƙarfi, shara, wanki, girki, cefane, ganin likita, mai da shi sassafe ko bayan rana ta faɗi. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 4 na yamma lokacin zama ne. Ka tuna bango da kwalta suna riƙe zafi, sau da yawa ƙarfe 3 ta fi ƙarfe 12 muni. Yi girki sau ɗaya da safe, a zaune, ka raba shi. Tsayuwa kan murhu da rana na daga cikin abubuwan da suka fi saurin kayar da mu. Abinci mai zafi da mai nauyi na ɗaga zafin jiki, don haka ci kaɗan-kaɗan, ka bari ya huce.

4. Sanyaya jiki kafin ka fita

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan duka, kuma shi aka fi tsallakewa, don mutum na ganin ai lafiyarsa ƙalau, me zai sa ya jiƙa kansa. Manufar ita ce ka sauke zafin jikinka kaɗan tun kana gida, yadda in ka fita zai ɗauki lokaci kafin ya hau ya kai iyakarka.

Hanya mafi ƙarfi ita ce baho. Fara da ruwa mai ɗan ɗumi, wanda ba za ka zabura ba in ka shiga. Zauna ruwan ya kai ƙugu, sannan ka riƙa ƙara ruwan sanyi kaɗan-kaɗan cikin minti 20 zuwa 30. A gwajin da aka yi wa masu MS an tsoma rabin jikinsu na ƙasa a ruwa mai digiri 16 zuwa 17 na rabin awa kafin motsa jiki, kuma sun fi jurewa, gajiyar bayan aikin ma ta ragu. Ba sai ka kai wannan sanyin ba. Ruwan famfo mai sanyi ya wadatar. Abin da ba a so shi ne ka faɗa ruwan ƙanƙara kai tsaye. Jijiyoyin jinin fata sai su tsuke su kulle zafin a ciki, jiki ya kama makyarkyata, ita kuwa makyarkyata zafi take haifarwa. Da ka fara karkarwa ko ƙafa ta fara sandarewa, fito, ka wuce wuri.

Babu baho? Zauna a kujerar wanka ka sakar wa kanka shawa, daga ɗumi zuwa sanyi, ka jiƙa kai sosai. Babu wannan ma? Zuba ruwa a bokiti ka tsoma ƙafafu har ƙwauri, ka sa wata roba a kan tebur ka nutsa hannaye har gwiwar hannu, minti 10 zuwa 15. Tafin hannu da tafin ƙafa na da jijiyoyin jini masu fitar da zafi da sauri. Masu rawar hannu za su ga ƙarin riba a nan, domin sanyaya damtse kan rage rawar na ɗan lokaci. Yi shi dab da cin abinci ko rubutu.

Gargaɗi biyu. Jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙafar da ba ta jin taku haɗari ne, don haka shimfiɗa tabarmar roba, ajiye tawul inda hannu zai kai, kuma in kana da jiri kada ka shiga baho babu kowa a gida. Na biyu, in fatarka ba ta bambance zafi da sanyi da kyau, auna ruwan da ma'auni ko ka sa wani ya taɓa maka.

Bayan ka fito, kada ka goge jiki tas. Ɗan dangwala tawul, bar gashi da danshinsa, sa kaya a zaune gaban fanka. Sa kaya a tsaye cikin gaggawa na iya cinye rabin sanyin da ka tara.

5. Ƙanƙara da falmaran

Ga yadda nake haɗa na wuya. Jiƙa ƙaramin tawul, matse shi har ya daina ɗiga, shimfiɗa shi, jera ƙanƙara huɗu ko biyar a tsakiya, naɗe shi ta tsawo ya zama kamar igiya, sannan ka ɗaure bakinsa biyu da roba. Ɗora a ƙeya, bakunan su sauko gefen wuya biyu su kwanta a kan ƙirji. Ruwan da ke narkewa zai riƙa jiƙa tawul ɗin a hankali. In ba ka so rigarka ta jiƙe, sa ƙanƙarar a leda tukuna. Ƙunshin firiza kuwa zura shi cikin safa ka sa a hammata, wuyan hannu ko matsematsi, wuraren da manyan hanyoyin jini ke kusa da fata.

Ƙanƙara tsirara ba ta taɓa fata, ko da wasa. Yawancinmu muna da wurin da ya mutu ba ya ji, kuma ƙanƙara na ƙona fata ba tare da ka sani ba. Minti 15 zuwa 20 a wuri ɗaya, sannan ka ɗaga ka duba da ido. In wurin ya yi fari fat, ya yi tauri, ko ya canza launi, cire ka bar shi ya dawo daidai da kansa.

Falmaran iri-iri ne, kuma mutane da yawa na sayen wanda bai dace da yanayinsu ba. Akwai wanda ake jiƙawa a ruwa a matse: ba nauyi, ba ya buƙatar firji, amma a busasshiyar iska kaɗai yake aiki, kuma dole a sa shi a saman kaya iska ta riƙa dukansa. Akwai mai aljihunan ƙanƙara: shi ya fi sanyi, shi ya fi nauyi, sai an sa riga a ƙarƙashinsa. Akwai mai wani sinadari da ke daskarewa tun kafin a kai sanyin ƙanƙara, wasu a wajen digiri 15. Ba ya ƙona fata, ana iya sake daskarar da shi a firji ko a kula mai ruwan ƙanƙara, kuma danshin iska ba ya hana shi aiki. A ganina wannan ne ya fi dacewa da yawancin masu MS. Na huɗu shi ne mai famfo da ke zagaya ruwan sanyi cikin siraran bututu, dabarar da ta samo asali daga rigunan 'yan sama jannati. Yana da ƙarfi amma yana da tsada da ɗawainiya.

Kafin ka saya, duba nauyinsa. Falmaran cike da ƙunshi na iya kai kilo biyu ko fiye, kuma ga wanda ƙafarsa ke rawa wannan ba ƙaramin kaya ba ne. Ya kama jiki tsam, in ya yi sako-sako iska yake sanyayawa ba jiki ba. Sa shi rabin awa kafin fita. Da ƙunshin ya narke cire shi, don daga nan ya zama ƙarin riga mai riƙe zafi.

6. Ruwan sha, da matsalar mafitsara

Sha ruwa mai sanyi sosai, kurɓi-kurɓi, duk bayan kamar kwata awa idan kana cikin zafi ko aiki. A wani bincike na Jami'ar Sidni ta Ostareliya da aka wallafa a 2018, masu MS da suka sha ruwa mai digiri 1.5 suna tuƙa keken motsa jiki sun daɗe da kusan kashi 30 cikin ɗari fiye da lokacin da suka sha mai digiri 37, alhali zafin cikin jikinsu bai bambanta ba. Wato sanyin da baki da ciki suka ji ma na da nasa tasirin. Niƙaƙƙiyar ƙanƙara ko tsotson ƙanƙara na yin wannan aikin, sai dai mai matsalar haɗiya ya tambayi likitansa tukuna.

Na san abin da wasu za su ce: ai in na sha ruwa ba ni da sukuni, kullum ina hanyar banɗaki. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ƙin sha in za su fita, kuma wannan dabarar na juyowa ta ci mai ita. Fitsarin da ya yi kauri yana ƙara harzuƙa mafitsara, matsuwar ta ƙaru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, su kawo zazzaɓi, zazzaɓin ya tayar da duk alamun da kake gudu. Abin yi shi ne ka sha mafi yawan ruwanka daga safe zuwa la'asar, ka rage awa biyu kafin barci, ka shiga banɗaki kafin ka fita, ka san inda banɗaki yake a inda za ka. Launin fitsari ne ma'auninka: ruwan ɗorawa mai haske ya yi, in ya yi duhu ƙara ruwa. Barasa ka bar ta. Kofi da lemon kwalba masu sinadarin kafeyin suna tsokanar mafitsara, rage su. In ka yi zufa da yawa, ruwan gishiri da sukari na sacet zai mayar da abin da ya fita. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya bi adadin likitansa.

7. Fita da mota

Malafa ko lema, gora cike da ƙanƙara, kwalbar feshi, ƙunshi na biyu a kula. Bi gefen inuwa ko da ya fi nisa, ka zauna ka huta tun ƙafa ba ta nema ba. Motar da aka ajiye a rana zafin cikinta na iya ƙaruwa da kamar digiri 10 cikin minti goma, don haka a buɗe ƙofofi a kunna sanyi ta huce kafin ka shiga, kuma kada ka yarda a bar ka a ciki a kashe inji wai yanzu za a dawo. Idan ganinka ko ƙafarka ta dama ke fara lalacewa a zafi, kada ka yi tuƙi da rana. Masu kujera mai taya su tuna ƙarfenta da baƙin kushin na ɗaukar zafi har su ƙona cinyar da ba ta ji. Shafa da hannu kafin ka zauna, shimfiɗa farin tawul, ka kuma duba fatar mazaunai da dare, don gumi da matsi ne ke buɗe gyambo.

8. Kada ka daina motsa jiki

Da can ana hana masu MS motsa jiki saboda wannan zafin. Yanzu an san zaman ne ya fi cutarwa, tsoka ta saki, gajiya ta ƙaru. Yi da sassafe ko a ɗaki mai sanyi, bayan ka bi mataki na 4, fanka na dukanka, ruwan sanyi a gefe. Yanka shi gunduwa-gunduwa: minti biyar na aiki, hutu, wasu biyar. Atisayen ƙarfafa tsoka ba ya ɗaga zafin jiki kamar doguwar tafiya ko gudu, shi ya fi dacewa da ranakun da suka yi tsanani. Iyo ya fi komai in ruwan bai wuce digiri 29 ba; tambayi zafin ruwan kafin ka shiga, don wuraren gashin jiki kan ɗumama nasu fiye da haka. Ɗakin turiri da bahon ruwan zafi ba namu ba ne. In alamu suka ɗan tashi a lokacin atisaye suka lafa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da hutawa, babu laifi. In suka bi ka har dare, gobe ka rage.

9. Dare

Daren zafi ne ke lalata gobe, domin wanda bai yi barci ba gajiyarsa ta MS ninkuwa take yi. Yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi dab da kwanciya. Zanin gado na auduga, kayan barci sakakku. Daskarar da robar ruwa, kada ka cika ta taf don ƙanƙara na kumbura, zura ta a safa ka ajiye kusa da ƙafafu ba a manne da fata ba. Katifar soso mai laushi da ledar kare katifa suna riƙe zafi. Shimfiɗa tawul mai kauri ko zani biyu a kansu. Bar kwalbar feshi da ruwan sha a gefen gado, da ɗan haske a hanyar banɗaki.

10. Duba magungunanka

Kai wa likita ko mai haɗa magani jerin duk abin da kake sha kafin zafi ya kankama, ka tambaye shi wanne ne ke rage gumi. Oxybutynin na mafitsara yana yi, amitriptyline na ciwon jijiya yana yi, topiramate ma haka, da wasu magungunan ƙaiƙayi da mura. Kada ka daina da kanka. Wani lokaci canjin lokaci ko canjin magani ne mafita. Allurar interferon beta, ɗaya daga cikin magungunan MS, kan kawo ɗan zazzaɓi, shi ya sa da yawa ke yin ta da dare.

Allurai irin su interferon da glatiramer acetate ana ajiye su a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a firiza ba. Takardar cikin kwalin ta faɗi kwana nawa kowanne ke iya yi a wajen firji da iyakar zafin da zai jure, karanta naka. In za ka yi tafiya, sa su a kula da tawul tsakaninsu da ƙanƙara, domin wadda ta daskare ta lalace.

11. Idan zafin ya riga ya kama ka

Tsaya nan take, kada ka ce bari in ƙarasa. Zauna ko kwanta a inuwa, sassauta kaya, cire takalmi da safa. Tawul mai sanyi a wuya, feshi a fuska da hannaye, a yi maka fifita, kurɓi ruwan sanyi. In akwai famfo kusa, sakar wa damatsanka ruwa. Kada ka miƙe da sauri. Yawanci cikin rabin awa zuwa 'yan awoyi za ka ji ƙafa da ido suna dawowa. Farasitamol ba ya sauke zafin rana, na zazzaɓi ne.

Daga nan sai ka auna zafin jikinka, don abu uku ne ke kama da juna kuma kowanne da abin da ake yi masa. In tsofaffin alamunka ne suka tashi, suka kuma lafa da ka huce, zafi ne kawai, huta. In ba su lafa ba kuma akwai zazzaɓi, zafin fitsari, fitsari mai wari ko gurɓata, ko tari, wata cuta ce ta shiga. Je a gwada fitsari a ranar, kada ka kwana da ita. In kuwa sabuwar alama ce da ba ka taɓa ji ba, ko tsohuwa ta tsananta ta wuce awa 24 kana cikin sanyi babu zazzaɓi, wannan na iya zama tashin cutar na gaske, kira likitan jijiyarka.

Akwai na huɗu da ba ya jira, wato bugun zafi: mutum ya ruɗe, yana sambatu, ya kasa gane inda yake, ya suma ko ya kama jijjiga, zafin jikinsa ya kai digiri 40. Haɗarinsa a wurinmu shi ne mutanen gida sun saba ganin mu muna tangaɗi ko harshe na karyewa, sai su ce ai ciwonsa ne ya motsa, zai wuce. Zaunar da su tun yau ka bayyana musu bambancin. Abin da za su yi: su kira motar asibiti ko su nemi abin hawa, su cire maka kaya masu nauyi, su kwarara maka ruwan sanyi a jiki duka suna fifita, su sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi, su ci gaba da haka har a hanya. In ba ka cikin hayyacinka kada su ɗura maka ruwa, su kwantar da kai ta gefe. Rubuta sunan cutarka, magungunanka da lambar wanda za a kira a ƙaramin kati, ɗaya a aljihunka, ɗaya a manne a ƙofar firji.